Tunau Dillali da Rafin da Aka Naɗe

Rafin Tsagau dai ba ƙafewa ya yi ba, naɗe shi aka yi. Matan da suka je ɗibar ruwa da hantsi su suka gani da idonsu. Ruwan ya ɗago daga can gangare, ya riƙa naɗowa kamar tabarmar da aka gama zama a kanta, da kifayensa da kwaɗinsa da komai, har ya zo ya wuce su, ya shige tsagar dutsen da yake fitowa daga cikinta. Aka bar su tsaye da tuluna, ga yashi a bushe ƙamas. Sai wata murya ta fito daga cikin tsagar ta ce, "Mutanen Tsagau, mun karɓi abinmu. Wanda ke da magana ya biyo sawu."

To, ruwa ba ya tsami banza. Tsagau garin marina ne, rini suke ci, rini suke sha. A da, idan ruwan karofi, wato ramukan rini, ya mutu ya zama dagwalo, sai a kwashe shi a kai bayan gari, a bar shi ya tsane, a ƙone lakar. Da ciniki ya buɗe, fatake suka yi yawa, sai marina suka ga wannan ai wahalar da kai ne. Suka haƙa 'yar magudana daga bakin karofi zuwa rafi, dagwalo ya riƙa bi yana tafiya abinsa. Ba wanda ya tambayi inda yake zuwa, balle wa yake tararwa a can.

Aka taru a ƙofar mai gari, aka ce wa zai bi sawu. Jarumai suka sunkuyar da kai, kowa ya tuna yana da ciwon gwiwa. Daga nan idanu suka koma kan Tunau.

Tunau dillalin shanu ne, kuma a kara, kasuwar shanu, babu na biyunsa. Cinikin da ya gagari kowa shi ake kira wa. Zai ja mai saniya gefe, ya cusa hannu cikin hannun rigarsa, su matsa yatsu, ya raɗa masa abin da zai sanyaya masa rai. Ya koma wajen mai saye, shi ma ya raɗa masa nasa. Kafin ka ce kwabo an sallama, kowa ya tafi yana ganin shi ya ci riba. Ƙa'idarsa ɗaya ce, ita ce ta kowane dillali: mai saye da mai sayarwa ba sa jin bakin juna. In sun ji, to me ya rage wa dillali?

Shi ma da farko ciwon gwiwar ya so ya kama shi. Abin da ya hana shi mahaifiyarsa ce, Iya Tabawa, tsohuwa tukuf, idanunta sun daɗe da rufewa. Mijinta Jatau marini ne, a Tsagau aka binne shi. Da ta ji ana raɗe-raɗin cewa in ruwa bai dawo ba gari zai tashi, sai ta ce, "Auta, ku dai ku tashi. Ni inda aka ajiye ubanka nan za a ajiye ni." Tunau ya san ta sarai, in ta faɗi magana ko da igiya ba a janye ta. Idan gari ya watse, ƙishirwa ce za ta kashe ta a bakin ƙofarta. Saboda haka ya ɗauki sandarsa ya nufi dutse.

Tsagar da ko akuya ba ta shiga, yana zuwa ta buɗe masa, yana shiga ta rufe. Ya yi ta gangarawa cikin duhu har ya ɓullo wata ƙasa da samanta ruwa ne a shimfiɗe, kifaye na yawo a inda ya kamata a ga tsuntsaye. A bakin hanya ga wani tsari, ɗan'uwan guza, kwance, girmansa ya kai kwalekwale, fatarsa duk ta sassale. Gabansa akwai ƙwarya cike da baƙin ruwa mai wari.

Tsarin ya ce, "Ɗan Adam, ni ne mai tsaron ƙofar Magajiyar Maɓuɓɓuga. Ba a wuce ni sai an sha daga abin da garinku ke aiko mana."

Tunau ya ce, "Ranka ya daɗe, na ƙoshi."

"Mu ma mun ƙoshi, amma ba a tambaye mu ba. Sha."

Ya toshe hanci ya kurɓa. Kai, dagwalo ba abin sha ba ne. Harshensa ya yi shuɗi nan take.

Tsarin ya ce, "Ka saurara da kyau. Daga yau duk maganar da ta fito daga bakinka, wadda zuciyarka ta san ba haka take ba, shunin nan zai ƙara cin jikinka. Ranar da ya rufe ka duka, ka zama namu, ba ka komawa gida."

Tunau ya yi godiya ya wuce, ko a jikinsa. A ganinsa shi bai taɓa ƙarya ba, gyaran magana kawai yake yi.

Ya ratsa wani daji na bado, kowane tsayinsa ya kai giginya, amma duk sun yanƙwane, ganyayensu na faɗowa kamar tsummoki. Ya wuce wani fili da ƙayoyin kifi suka rufe, yana takawa suna juyowa suna bin sa da ramukan idanu. Daga nan ya iso wani kwari mai zurfi, ba gada, sai kadoji da suka jeru baki da wutsiya daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ta bayansu ake bi. Ya ɗora ƙafa a kan na farko, kadan ya buɗe ido ya ce, "Baƙo, labarin alheri ka kawo ko na sharri?"

Tunau ya ce, "Alheri ne zalla, an ma kusa gamawa."

Sai ya ji sanyi a yatsunsa. Ya duba, farcensa duk sun yi shuɗi. To fa. Ya cusa hannun cikin hannun riga kamar yadda ya saba a kara, ya ƙarasa tsallakawa bakinsa a rufe.

Birnin Magajiya ganuwarsa ruwa ne a tsaye, ba ya zuba. Aka shigar da shi soro bayan soro, har wani babban zaure. Abin da ya gani a nan shi ya fara karya masa gwiwa da gaske. Rafuka ne a nannaɗe, an jingine su da bango, wasu har gizo-gizo ya yi saƙa a kansu. Na Tsagau na can ƙarshe, yana ɗiga tukuna. Ashe akwai garuruwan da aka karɓe wa ruwa ba a mayar ba.

Magajiya na zaune a kan wani farin dutse. Doguwa ce, gashinta na kwarara har ƙasa yana wucewa ta ƙarƙashin ƙofa. A cinyarta akwai 'yar jaririya, idanunta a manne, jikinta duk gyambo.

Tunau ya faɗi ya yi gaisuwa. Ta ce, "Ɗan Adam, wa ya aiko ka, kuma da me?"

"Ranki ya daɗe, mutanen Tsagau suka aiko ni, su ji abin da zai sa a mayar musu da rafi."

"Abu ɗaya ne. A rufe karofi, duka, har abada."

Tunau ya san ko giyar wake Korau, Sarkin Marina, ya sha ba zai yarda da wannan ba. Amma dillali ba ya cewa babu. Ya gyara zama, ya tausasa murya, ya ce, "Allah ya ja zamanin Magajiya, ai kamar kin shiga zuciyarsu. Da wannan shawarar na baro su. Suna can suna ta nadama, jira kawai suke su ga ruwa su cike ramukan."

Sanyi ya hau hannunsa har kafaɗa. Ya ƙara cusa shi cikin riga. Magajiya ta daɗe tana kallon hannun rigar nan, sa'an nan ta ce, "A ƙasarmu ba a tuɓe baƙo. Na karɓi maganarka yadda ka kawo ta." Ta yi nuni, aka kwanto rafin Tsagau, aka ɗora Tunau a kan bakinsa, aka sake shi. Ya riƙa warwarewa yana gudu da shi, ya ratsa kwari da fili da daji, sai ga Tunau ya faɗo daga tsagar dutse tsamo-tsamo, ruwa na bin bayansa.

Gari ya ɗauki guɗa. Korau da kansa ya taro shi. Dattijo ne mai faɗin ƙirji, hannayensa baƙi ƙirin da rini, kuma a wajen Jatau, uban Tunau, ya koyi sana'a. Ya ja shi gefe ya ce, "Ɗan maigidana, me suka nema?"

Tunau ya ce, "Baba Korau, abin bai taka kara ya karya ba. Girmamawa suke so. A yanka baƙin sa a bakin tsaga, shi ke nan."

"Ba su ambaci karofi ba?"

"Ko kusa."

Ɗaya hannun ma ya yi sanyi har kafaɗa.

Ba wai Tunau mugu ba ne, lissafin kara ya yi. A kara, da an sallama, mai saye ya ja saniyarsa ya yi gabas, mai sayarwa ya yi yamma, ba su ƙara haɗuwa, kowa ya mutu da abin da aka raɗa masa. Ya manta cewa rafi ba saniya ba ne. Waɗanda ya shiga tsakaninsu maƙwabta ne, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kuma abin da na sama ya zubar dole ya sauka a kan na ƙasa.

Aka yanka sa, aka ci nama, marina suka koma bakin karofi. Da ruwan farko ya mutu, aka buɗe magudana kamar kullum. Dagwalon bai gama shiga rafi ba, ruwa ya ɗago ya naɗe. Wannan karon bai tafi shi kaɗai ba. Rijiyoyin gari duk suka haɗiye ruwansu, ka jefa guga ka ji ya bugi dutse. Murya kuwa ba ta fito ba sam.

Mutane suka yo kan Tunau. Ya ce wa waɗannan kuskure ne aka samu, ya ce wa waɗancan gwaji ne, gobe ruwa zai dawo. Kowace magana da rabonta. Shuni ya ci ƙirjinsa, ya ci bayansa, ya gangara ƙafafu, ya hauro wuya. Tunau ya naɗa rawani ya yi amawali, shunin ya hau kumatu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da ya leƙa madubi, abin da ya rage masa fari wani ɗan wuri ne a tsakiyar goshi, bai fi tafin jariri ba.

Gari ya fara tashi. Jakuna na fita da kaya, mata na goye da yara, ana ta rufe ƙofofi da ƙaya. Iya Tabawa ta sa aka fito mata da tabarmarta bakin ƙofa, ta zauna da ɗan sauran ruwan da ke gindin tulu. Tunau ya durƙusa ya ce ta bari ya goya ta su bi mutane. Ta ce, "Auta, na riga na faɗa maka." Ya duba tulun, ya dubi leɓunanta da suka fara tsagewa, tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

Ya tashi ya nufi karofi. Korau na zaune shi kaɗai a bakin busassun ramuka. Tunau ya warware rawani, ya tuɓe riga, ya tsaya a gabansa. Ya gaya masa abin da Magajiya ta nema da abin da shi ya amsa mata da sunan marina.

Korau ya zuba masa ido har Tunau ya zaci sanda zai ɗauka. Can ya ce, "Ka sayar da karofin ubanka ba da saninmu ba, ka sayar mana da rafin da ba a ba ka ba. To yanzu me kake so? In an rufe karofi gari ya mutu, in ba ruwa gari ya mutu."

"Ina so ka zo ka gaya mata haka da bakinka."

Korau ya ɗago kai. "Dillali zai haɗa mai saye da mai sayarwa? Ka san abin da kake yi wa sana'arka?"

"Na sani, Baba. Iya ce ruwanta ya kusa ƙarewa."

Dattijon ya miƙe, ya kakkaɓe wandonsa, suka nufi dutse.

Tsari na nan inda yake. Ya dubi Tunau sama da ƙasa ya ce, "Ka yi ƙoƙari, ɗan Adam, saura kaɗan ka zama ɗan gida." Ya tura wa Korau ƙwarya. Mutumin da ya tsufa hannunsa cikin karofi, ashe bai taɓa ɗanɗana abin da ke fita daga ciki ba. Ya kurɓa, ya durƙushe yana kakari, hawaye na zuba. Da ya samu numfashi ya ce, "Wannan kuke sha?" Tsari ya ce, "Da shi muke wanka, da shi muke yi wa jarirai." Suka wuce dajin bado, Korau yana tafe yana kallon ganyayen da ke zubowa.

A kwari, kada ya buɗe ido ya ce, "Baƙo, alheri ko sharri?" Tunau ya ce, "Wallahi ban sani ba." Kada ya lumshe ido, suka wuce lafiya.

Suna shiga zaure Magajiya ta ce, "Ku kama shi." Wasu dogaye masu kan tarwaɗa suka taso. Tunau ya faɗi ƙasa, ya nuna goshinsa ya ce, "Ranki ya daɗe, bai rufe ba tukuna. A dokarku har yanzu ni baƙo ne." Ta ɗaga hannu, suka tsaya.

Ya ce, "Wancan zuwan, maganata na kawo miki na ce tasu ce. Yau ban kawo magana ba, mai maganar na kawo. Ga Sarkin Marina. Ina roƙon a shimfiɗa tabarma ɗaya ku zauna, ni in koma gefe."

Zauren ya ɗauki gunaguni, don ba a taɓa jin Magajiya ta sauko daga dutsenta saboda bil'adama ba. Ta dubi jaririyar da ke cinyarta. Sa'an nan ta sauko.

Da farko abin bai yi daɗi ba. Ta ce a rufe karofi duka. Korau ya ce ko rami ɗaya ba za a rufe ba, kakanninsa suka haƙa su. Ta ce to rafin zai tsufa a jingine kamar 'yan'uwansa. Ya ce to sai ta zauna da rafin da ba mai sha, ba mai yi masa godiya. Harshen Tunau sai ƙaiƙayi yake, yana son ya ja wannan gefe ya raɗa masa, ya ja waccan gefe ya raɗa mata. Ya danne. Abin da ya rage masa a duniya tambaya ce, don tambaya ba ta rina mutum.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, karofin nan ya girmi kakan kakana. Me ya sa ba ki naɗe rafi a zamaninsu ba?"

Ta ce, "Su ba su aiko mana da shi ba."

"Ashe ba karofin ne ya dame ki ba."

Ta ce, "Abin da ke saukowa ne ya dame ni. Da na ga ba ku da niyyar dainawa, na ce a kashe tushen."

Tunau ya juya. "Baba Korau, me ya hana a koma kwashewa a kai bayan gari?"

Korau ya ce, "Hannu. Kwasar dagwalo na cin rabin ƙarfin marina. In mun koma mata, sai mun riƙa mayar da fatake da farin ƙyallensu. Akwai gidajen da tukunyarsu za ta ragu, kuma ni za su zaga."

Magajiya ta miƙa masa jaririyar. Ya karɓa da baƙaƙen hannayen nan nasa, ya ga idanun a manne, ya ji yadda take numfashi da ƙyar. Kunya ta rufe shi. Ya ce, "Zagi ba ya kisa. Za a toshe magudana. Ramukan da ke daf da gaɓa za mu cike su. Za mu koma kwasa, mu dasa ciyawar jema tsakanin karofi da rafi don ta tare abin da ya zurara. Amma sauran ramuka suna nan, kuma dole mu ɗauraye ƙyalle a ruwa mai gudu, in ba haka ba rini bai yiwu."

Ta ce ba a ɗauraya a rafinta. Ya ce to an koma gidan jiya. Aka ja, aka saki, aka sake ja. Daga ƙarshe ta ce su ɗauraye a can ƙasa, bayan kwanar da ruwa ke faɗi, amma ban da farkon damina, lokacin da matan ƙasarta ke haihuwa. Korau ya ce farkon damina ai lokacin noma ne, marina ma gona suke, ya yarda.

Ta ce, "Saura lamuni. Alkawarin ɗan Adam na gani, ga shi can a zaune ya yi shuɗi."

Korau ya ce, "Duk ranar kasuwa zan ɗebi ruwa daga ƙasan karofi in sha a gaban jama'a, ni da duk wanda ya gaje ni. In mun ɓata, mu za mu fara ji a cikinmu. Amma ke ma ina neman naki. Kada ki ƙara naɗe rafi sai kin aiko an zauna. Akwai tsofaffi da jarirai a sama waɗanda ba su taɓa zuba miki komai ba."

Magajiya ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Wannan gaskiya ne, kuma ban duba shi ba. Na ɗauka."

Tunau ya ga an zo ƙarshe, ya matso ya ce ko za a taimaka a wanke shi. Ta ce, "A'a. Muna bukatar mai kai magana tsakaninmu, kuma duk duniya ba wanda ya fi ka dacewa yanzu. Ƙarya ɗaya ta rage maka, ɗan Adam. Mutumin da ya san haka, ni da Sarkin Marina duk za mu iya yarda da shi. Ku tafi. Sa'ad da aka toshe magudana, rafi zai sauko."

Suka fito suka tarar da gari wayam, sai tsofaffi da waɗanda ba su da jakin ɗaukar kaya. Tunau ya hango mahaifiyarsa daga nesa, ta daina zama, tana kwance a kan tabarma. Ƙafarsa ta so ta kai shi can, amma me zai kai mata? Ya juya suka nufi magudana. Shi da Korau da wasu tsofaffin marina suka yi ta jido duwatsu da ƙasa, wanda bai taɓa ɗaukar abin da ya fi sanda nauyi ba sai ga shi da dutse a ka. Suka cike ta, suka daddanne. Korau na ɗora dutsen ƙarshe, aka ji ƙugi daga tsaga. Rafi ya fito yana warwaruwa, fari tas, ana hango yashin gindinsa.

Tunau ya cika ƙwarya ya ruga. Ya tallafo kan tsohuwa ya sa mata a baki. Da farko ruwan ya bi gefen leɓe ya zube. Ya kira ta, ya sake kira. Can maƙogwaronta ya motsa, ta haɗiya, ta ƙara haɗiya, ta kama ƙwaryar da kanta.

Da ta sauke numfashi, sai ta lalubo hannunsa ta riƙe. Ta kai shi hancinta, ta daɗe tana shinshinawa. Ta ce, "Wane ne wannan? Ƙanshin hannun Jatau nake ji."

"Ni ne, Iya."

"Auta?" Fuskarta ta washe. Tun yana yaro ba abin da take so irin ya gaji ubansa, shi kuwa ya gudu kara. Ta ce, "Allah sarki. Ashe dai ka koma bakin karofi?"

Kalma ɗaya ce, kuma da ta faranta mata rai har ƙarshen kwananta. Ba ta gani, ba kuma wanda zai ƙaryata shi. Tunau ya ji ta ta zo har bakin leɓensa, ya ji ɗan wurin nan na goshinsa yana zafi.

Ya ce, "A'a, Iya. Ban koma ba. Bakina ne ya jawo mini, aka rina ni tun daga ka har ƙafa, kuma ba zai fita ba." Ya kwashe labari duka ya gaya mata, bai gyara ko ɗaya ba.

Tsohuwa ta saurara har ya gama, ba ta saki hannun ba. Ta shafa fuskarsa, ta shafa goshin, ta ce, "Ubanka ya ƙare rayuwarsa a bakin rami, iyakarsa wuyan hannu. Kai da ka guje shi ka samu jiki guda." Ta mayar da hannun hancinta, ta ƙara shaƙa.

Sa'an nan ta miƙa masa ƙwaryar ta ce, "Ƙaro mini, Auta. Ka ɗebo da wannan hannun."